Yadda Ake Kula da Gidan Reza a Legas Kada Danshi Ya Cinye Shi

Gidan reza na farko da na saya a Legas bai kai wata bakwai a hannuna ba. Ina nufin abin askin nan na ƙarfe da ake kwancewa a saka masa reza mai baki biyu a ɗaure, ba na roba da ake yarwa bayan aski biyu ko uku ba. Wata safiyar Juma'a a ɗakina da ke Agege na murɗa mariƙin zan canja reza, sai kan ya rabu da jikin ya faɗo min a tafin hannu. Ɗan sukurun da ke haɗa su ya karye tun daga gindi, wurin karayar kuma ya yi fari da wani gari kamar toka. Abin ya yi min ciwo, domin a gida Katsina akwai irinsa na mahaifinmu wanda ya girme ni, har yau ƙanena na gyaran fuska da shi.

Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo da tabarau a kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya juya guntayen biyu, ya kankare garin da farce.

"Malam, wannan ba aski ne ya kashe shi ba," in ji shi. "A jiƙe kake ajiye shi, kuma kana ɗaure shi kamar tayar mota."

"Baba, ba zai gyaru ba?"

"Wannan ƙarfen ba ya karɓar walda. Ka sayi wani, amma ka sake masa riƙo."

Na sayi wani, na sake riƙon. Yanzu yana shekara ta shida, kuma abin da zan zayyana a nan shi ne abin da nake yi masa. Tun lokacin da Ba'amurken nan King Camp Gillette ya samu takardar mallakar fasahar a 1904, tsarin abin guda ne: reza ce ake yarwa, gidanta kuwa an yi shi ne ya zauna. Idan naka yana mutuwa duk shekara, akwai dalili, kuma a garin nan dalilin yawanci ruwa ne. A Kano ko Katsina lokacin hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ka ajiye jiƙaƙƙen ƙarfe ka juya ka tarar ya bushe. A Legas da damina, wadda ke kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba ta fi ƙarfi a Yuni da Yuli, danshin kan haura kashi 80. Ga iskar teku mai ɗauke da gishiri ga mazauna Obalende, Lekki da Ajah. Abin da ka ajiye a jiƙe da safe, a jiƙe za ka same shi da daddare.

Mataki na farko: san ƙarfen da ke hannunka

Kusan dukkansu ƙyalli ɗaya suke yi a cikin kwali, amma abin da ke ƙarƙashin ƙyallin shi ne maganar.

Mafi yawan waɗanda ake sayarwa, masu araha da ma wasu masu suna, kansu na zamak ne. Zamak haɗi ne na tutiya da ɗan alminiyam kamar kashi 4 cikin 100, da ɗan magniziyam da jan ƙarfe. Narka shi ake yi a zuba a ma'auni, shi ya sa yake da sauƙin kuɗi kuma yake fitowa sumul. Sai a yi masa wanki hawa-hawa, jan ƙarfe, nikel, sannan kurom a sama. Muddin wankin nan yana nan lafiya, zamak na iya yin shekaru masu yawa. Ranar da ya samu ƙofa, ko da tsagar da ido ba ya gani ce, ruwa ya shiga, sai tutiyar ta fara zama farin gari daga ciki, wankin ya kumbura ya yi ƙuraje ya ɓare. Aibinsa na biyu shi ne ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Ko sanannun nan irin su Merkur 34C na garin Solingen a Jamus da Edwin Jagger DE89 na Sheffield a Ingila, kansu na zamak ne mai wankin kurom; ingancin wankin ne ya bambanta su da na tebur.

Sai na tagulla, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya. Tsofaffin Gillette na zamanin iyayenmu galibi da ita aka yi su, kuma shi ne sirrin na mahaifinmu. Ko wankin ya goge, rawaya kawai za ka gani a ƙasa, wani lokaci da ɗan kore-kore da ke fita idan an wanke shi. Idan ya faɗi lanƙwasa yake yi, kuma abin da ya lanƙwasa ana iya miƙar da shi.

Na sitenles, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, shi ya fi dacewa da garin bakin teku, irin su Feather AS-D2 na Japan ko Rockwell 6S, sai dai kuɗinsa ya ninka na zamak sau da yawa. Na alminiyam kuma ba shi da nauyi ko kaɗan, ba ya jan tsatsa, amma haƙoran sukurunsa ba su da ƙarfi.

Yaya za ka gane? Ka auna nauyi a hannu: alminiyam kamar babu komai, tagulla da sitenles suna da nauyi fiye da girmansu, zamak yana tsakiya. Ka duba cikin murfi da ƙasan faranti; idan ka ga siririn layi kamar ɗinki ko ɗan zagayen tabo, alamar zubi ce, zamak ne mai yiwuwa. Maganaɗisu ba zai raba maka gardama ba, domin zamak da tagulla da alminiyam duk ba sa kama shi, haka ma yawancin sitenles ɗin da ake yin gidan reza da shi. Idan dai ya kama sosai, ka yi zargin baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanki, kuma wannan ba zai ga damina biyu a nan ba.

Ra'ayina: mai ƙaramin ƙarfi kada ya guji zamak, ya dai san abin da ya riƙe. Wanda ya samu tsohon na tagulla a wajen masu kayan gwanjo, ya kama shi da hannu biyu.

Mataki na biyu: duba shi kafin ka biya

Ko a Idumota ne, ko Balogun, ko Trade Fair ta hanyar Badagry, ka roƙi mai kaya ya bari ka buɗe. Ka tafi da reza ɗaya a aljihu cikin takardarta. Ka kwance shi, ka ga guntaye uku: murfi mai sukuru a tsakiya, faranti mai dogari biyu da ke kare fata, da mariƙi. Ka shafa ɗan yatsa a gefuna ka ji ko akwai kaushi ko ƙuraje a wankin. Ka kalli haƙoran sukurun a haske, su kasance a fili, ba a cushe ba. Ka murɗa mariƙin ba reza. Ya kamata ya shiga sumul har ƙarshe, ba ƙara, ba girgiɗi.

Sannan ka sa reza ka ɗaure, ka ɗaga shi ka kalle shi ta sama a kan farar takarda. Bakin rezar da ya leƙo ta dama ya zama daidai da na hagu, kuma ya tafi a miƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan. Idan gefe ɗaya ya fi leƙowa, kwance ka sake ɗaurewa. Idan ya maimaita, ajiye musu kayansu. Wannan aibi ba ya warkewa, kuma fuskarka ce za ta biya.

Mataki na uku: ɗaurewa

A nan ne aka fi yi masa illa, kuma a nan na kashe nawa na farko.

Ka shimfiɗa tawul a kan tebur ko gado. Kada ka canja reza a tsaye a banɗaki, hannu da sabulu, ƙasa siminti ko tayil. Faɗuwa ɗaya daga tsayin ƙirji ta isa ta karya sukurun zamak ko ta tsaga wankin a kusurwa. Ka kwantar da murfin a kife, sukuru na kallon sama. Ka riƙe rezar ta gajerun gefunanta marasa kaifi, ka zura ta. Ka ɗora farantin. Ka lura kada ka kifa shi, domin idan ya juye za ka yi ta ja ba ya ɗaukar gashi. Sai mariƙi.

Ga dabarar da dattijon nan ya koya min, wadda masu gyaran agogo da makanikai suka sani: ka ɗora mariƙin a kan sukurun, ka fara juya shi baya, wato hagu, a hankali, har ka ji ɗan "ƙas". Wannan ne wurin da bakin haƙoran biyu suka haɗu. Daga nan ka juya dama. Idan ka ji turjiya tun a zagaye na farko ko na biyu, tsaya, ka dawo, ya hau a karkace ne. Tilasta shi sau ɗaya na iya cinye tiredin, wato haƙoran sukurun, gaba ɗaya.

Ka ɗaure da 'yan yatsu uku, ba da dunƙulen hannu ba. Za ka ga rezar ta ɗan lanƙwasa ta bi bayan murfin, haka aka tsara ta, kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Da zarar ka ji ya tsaya, ya isa. Ƙarin murɗar nan da mutum ke yi don zuciyarsa ta kwanta, ita ce ke jan sukurun daga gindinsa kaɗan-kaɗan, tana tsaga wankin a daidai wurin da ruwa ke kwanciya. Amma kuma kada ka bar shi sako-sako. Reza mai motsi a cikin gidanta ta fi kowace yanka mutum.

Mataki na huɗu: askin kansa

Yadda kake aski yana da hannu a kwanakin reza. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna cewa gashi, duk da ya fi ƙarfen reza laushi kusan sau 50, yana ɓantare bakinta ƙanana-ƙanana, musamman idan ya lanƙwashe ya same ta a karkace. Busasshen gashi ya fi jiƙaƙƙe tauri nesa ba kusa ba. Don haka ka jiƙa wurin da ruwan ɗumi minti biyu ko uku, ko ka yi askin bayan wanka. Ka yi kumfa sosai. Idan gashin ya yi tsawo, ka fara rage shi da almakashi ko kilifa, kada ka bar wa reza aikin da ba nata ba.

Ka kwantar da kan a fata yadda rezar za ta same ta da kusurwar da ta kai kamar digiri 30, ka bar nauyinsa ya yi aikin. Kada ka danna. Ka bi kwanciyar gashi da gajerun ja, domin gashinmu mai murɗewa ne, idan aka yanke shi ƙasa da fata yakan koma ciki ya zama ƙurajen aski. Ka riƙa juya gefe biyun don su ci daidai. Idan kumfa da gashi sun cushe, ka kaɗa shi cikin ruwa a kofi ko roba. Kada ka buga kan a bakin bokiti ko bango. Wannan ɗabi'a daga na roba aka ɗauko ta, kuma kowane bugu tamkar ƙaramar faɗuwa ce ga zamak.

Reza ɗaya kan yi aski uku zuwa bakwai, gwargwadon taurin gashi da faɗin wurin. Wanda ke gyaran gefen gemu da gashin baki kawai za ta daɗe masa fiye da mai aske kai ƙwal. Alamar ta gaji ita ce ta fara jan gashi maimakon yanka shi. Kada ka jira ta kai haka sosai. Dakusasshiyar reza ce ke sa mutum ya danna, dannawa ke kawo yanka. Ga mai tsaftar hammata da mara, wadda hadisin Anas ya iyakance kada ta wuce kwana arba'in, na fi so ya ware wa wannan aiki gidan reza daban, ko aƙalla reza daban.

Mataki na biyar: minti biyun da ke bayan aski

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin duk bayanin nan, wannan zan zaɓa.

Ka sassauta mariƙin zagaye ɗaya ko biyu, ka ɗauraye kan sosai har ruwa ya ratsa tsakanin murfi da reza da faranti. Ruwan da za ka yi ɗaurayar ƙarshe da shi yana da muhimmanci. Da yawanmu a Agege, Idi-Araba da Mile 12 ruwan bohol muke saye daga 'yan garuwa, wani yana barin ja a gindin bokiti, na wasu unguwannin bakin ruwa kuma har ɗan gishiri-gishiri gare shi. Idan naka irin wannan ne, ka yi ɗaurayar ƙarshe da ragowar ruwan leda. Rabin kofi ya isa.

Sai ka kwance shi gaba ɗaya a kan tawul. Ka goge murfi, ka goge faranti, ka kula da gindin sukuru domin nan ne matattarar ruwa. Ka juya mariƙin bakinsa ƙasa ka yarfe shi, ka hura ramin. Za ka yi mamakin ɗigon da ke fitowa. Ramin nan rijiya ce ƙarama, idan ka ɗaure shi da ruwa a ciki sukurun zai kwana a jiƙe ya wuni a jiƙe har aski na gaba.

Ita rezar kuwa, kada ka goga bakinta a tawul. An yi wa bakin wani siririn shafe mai sa santsi, gogewa na cire shi, ga haɗarin yanka. Ka yarfe ta, ka ɗan danna faɗinta a kan busasshen tsumma, ko ka tsoma ta cikin sifirit ka bar ta ta sha iska. Sifirit na korar ruwa kuma yana bushewa nan take. Ka tsoma kan gidan rezar ma idan kana so, amma kada ya taɓa mariƙin katako ko mai fenti.

Wani zai ce ai rezar yanzu sitenles ce, ba ta tsatsa. Gaskiya ne tun da kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya yaɗa rezar sitenles a 1962 an huta da irin ta da, wadda ke yin ja cikin kwana ɗaya. Amma sitenles ɗin reza irin mai tauri ne don ya riƙe kaifi, juriyarsa ga tsatsa ba ta kai ta cokali ba. Ka bar ta manne a jiƙe mako guda a watan Yuli, za ka tarar ta zana hotonta da ruwan ƙasa-ƙasa a cikin murfin. Abin da ya fi wannan muni: duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin ruwa mai ɗan gishiri, ɗaya na cin ɗaya, kamar cikin batir. Tsakanin sitenles da tutiya, tutiya ce ke shan kashi. Ke nan idan wankin ya riga ya samu tsaga, rezar da ka bari a ciki tana taya ruwa cinye gidanta.

Inda za ka ajiye shi: ba banɗaki ba. Mu da ke gidan haya mai ɗakuna fuska da fuska da banɗaki ɗaya, wannan ma ba sai an faɗa ba, ga danshi ga hannun jama'a. Amma ko mai banɗaki a cikin ɗaki, ya fitar da shi. Ka bar guntayen a buɗe a kan kanta ko kusa da taga su sha iska awa ɗaya, sannan ka haɗa su sako-sako ba reza. Kada ka kulle shi a leda ko jakar aski yana da laima. Ni a gwangwanin alewa nake ajiye nawa, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Rezar da ke aiki ina mayar da ita takardarta, a wurin da hannun yara ba ya kai.

Mataki na shida: wankin wata-wata

Sau ɗaya a wata, ko duk bayan reza huɗu, ka jiƙa guntayen minti goma a ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke. Ka bi su da tsohon buroshin haƙori mai laushi, musamman ramukan faranti da haƙoran sukuru. Ramin mariƙi ka shiga da auduga a kan tsinken sakace. Farin dattin da ke dusashe ƙyalli yawanci sabulu ne da ya haɗu da ma'adinan ruwa. Idan ya ƙi fita, ka gauraya ruwan khal kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu, ka jiƙa minti biyar kacal, ka ɗauraye sosai. Wannan ga sitenles ne da wanda wankinsa ke lafiya. Idan zamak ya riga ya ɓare, ko na alminiyam ne, ka tsaya a sabulu.

Abubuwan da ba za su kusance shi ba: soson ƙarfe, toka da yashi irin na wankin tukunya, kanwa, da bilic. Wata rana ƙanin matata da ke zaune da mu ya ga ina wanke nawa, ya ce, "Yaya, ka jiƙa shi a bilic mana, ya kashe ƙwayoyin cuta gaba ɗaya." Niyyarsa mai kyau ce, amma sinadarin kulorin da ke cikin bilic yana huda ko sitenles, balle tutiya. Sabulu da sifirit sun wadatar ga kayan mutum ɗaya.

Bayan ya bushe, ka ɗiga man keken ɗinki ko man jarirai ɗigo ɗaya a haƙoran sukuru, ko ka shafa basilin kaɗan. Yana rage gogayya, yana kuma hana ruwa zama. Ban da man gyaɗa da manja, suna daskarewa su yi danƙo su kama datti.

Idan lalacewa ta riga ta fara

Tabo ja ko ruwan ƙasa a cikin murfi yawanci ba na gidan ba ne, tsatsar reza ce ta manne. Ɗan man goge baki a tsumma mai laushi zai ɗauke shi. Kore-kore a jikin tagulla shi ma wankewa ce maganinsa.

Ƙuraje a wankin, ko farin gari, wannan zamak ne ya fara ciwo, kuma ba ya komawa baya. Idan a ƙasan faranti ne ko wani lungu da ba ya taɓa fata, ka wanke, ka busar, ka ɗiga masa man farce marar launi ya toshe ƙofar, zai ƙara maka lokaci. Idan ɓarewar ta kai dogarin da ke bin fata ko gefen murfi, ka daina aski da shi. Ɓararren kurom yana da kaifi, yana karce fuska ya buɗe wa cuta hanya.

Mariƙi na juyawa ba ya kamawa: tiredi ya cinye. Kafin ka yar, ka gano wane ɓangare ne. Yawancin masu guntaye uku girman sukurunsu ɗaya ne ko kusa da haka, milimita 5, don haka ka gwada mariƙin wani a kan naka. Idan ya kama, mariƙi kawai za ka nema. Idan haƙoran murfin ne suka lashe, naɗa farin tef na masu aikin famfo zagaye biyu zai riƙe ka 'yan makonni, amma ka riƙa duba cewa rezar ba ta motsi kafin ta taɓa fuskarka. Sukurun da ya karye daga gindi kuwa, kada ka liƙa shi da gam. Zai sake ka a tsakiyar aski. Ka ajiye mariƙin da farantin, wata rana za su yi amfani.

Bayan kowace faɗuwa, ko ba ka ga komai ba, ka maimaita gwajin farar takarda, ka kuma kalli tazarar da ke tsakanin bakin reza da dogari ta gefe biyu. Idan gidan rezar da ka saba da shi ya fara yankanka a gefe ɗaya ba dalili, dogarin ne ya lanƙwasa. Na tagulla mai gyaran agogo zai iya miƙar maka a hankali. Na zamak kada a gwada, zai ɓalle.

Akwai kuma mai buɗewa kamar fiffiken malam-buɗe-littafi, wanda ake murɗa gindinsa ƙofofi biyu su buɗe. Yana da daɗin canja reza, amma gaɓoɓinsa sun fi yawa kuma ba a kwance shi a busar da cikinsa. Ciwonsa biyu ne: sabulu ya daskare a cikin bututun har murɗawa ta yi tauri, ko ƙofa ɗaya ta daina rufuwa daidai da 'yar uwarta. Na farko, ka jiƙa shi rabin awa a ruwan ɗumi mai sabulu kana buɗewa kana rufewa, ka busar, ka ɗiga mai ta sama ya gangara. Kada ka sa filaya. Ka riƙa ajiye shi ƙofofi a buɗe, kai a ƙasa, don ruwan ciki ya tsiyaye. Mai zama kusa da teku, da zai ji tawa, mai guntaye uku zai saya.

Idan tafiya gida ta kama, ka cire reza, ka naɗe kan a safa ko hankici kada ya yi ta karo da makulli a jaka tun daga Legas har Kano. Mai hawa jirgin sama ya sa rezoji a babbar jaka, ba a barin su a jakar hannu.

Aro, da inda tsohuwar reza za ta

Gidan reza ba kayan aro ba ne, ko tsakanin wa da ƙani. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jinin da ido ba ya gani, kuma canja reza kaɗai bai wanke murfi da dogari ba. A ɗakin da samari biyar ko shida ke kwana, kowa ya yi wa nasa alama, ya kulle a akwatinsa. Wanda ya sayi na gwanjo ya wanke shi da sabulu da buroshi sau biyu, ya jiƙa a sifirit, ya bar shi ya bushe sarai kafin ya kai shi fuska.

Tsohuwar reza kuma kada ta shiga kwandon shara tsirara, ko a cusa ta a tsagar bangon banɗaki inda yaro zai zaro. Mun san su wane ne ke tona sharar garin nan da hannu, daga lungunan unguwa har babban jujin Olusosun da ke Ojota: da yawansu yaranmu ne 'yan Arewa masu neman ƙarfe da roba, galibi ba safar hannu. Ka samu gwangwanin madara na ruwa wanda ba a fasa ba, ka huda shi ka juye madarar, ka ɗauraye, ka faɗaɗa hudar da wuƙa ta zama tsaga mai tsawon reza. Duk wadda ta gaji ka zura ta ciki. Ba ta fitowa ko an kifa shi. Gwangwani ɗaya zai ɗauki rezojin shekara biyu ko fiye. Idan ya cika, ka bubbuge bakin da guduma ya rufe, ka naɗe da tef, ka miƙa wa baban bola hannu da hannu, ka gaya masa abin da ke ciki.